JAMI'A TA ZO BABURA: SHIN 'YA'YANMU ZA SU SHIGA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Wannan ni'ima ce ga jama'ar Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa. To amma ya kamata mu tambayi kanmu: shin 'ya'yanmu ne za su cika azuzuwanta, ko kuwa aikinsu gadi da acaɓa a bakin ƙofa?

Har yanzu akwai masu ganin jami'a matattarar lalacewa ce. Su waiwayi tarihin Jami'ar Bayero ta Kano. A 1960 aka dasa ta a harabar Makarantar Koyon Larabci ta Kano, a 1962 ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sannan a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Wato daga Larabci da ilmin addini ta tsiro, yau ga shi tana yaye likitoci da injiniyoyi. Hasali ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan ilmin magani.

Malamai sun tabbatar cewa duk ilmin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi farilla ce ta kifaya. Idan kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Ga hamada tana matso mu, ga ƙarancin ruwa a ƙauyuka. Wa zai magance wannan in ba injiniyoyinmu ba?

Don haka wajibi ne makarantunmu na Islamiyya su ƙarfafa Lissafi da Kimiyya da Turanci tare da Alƙur'ani da Tauhidi, domin jami'ar fasaha ba ta ɗaukar wanda ya faɗi Lissafi. Mawadata su biya wa marasa ƙarfi kuɗin jarrabawar JAMB. Iyaye su tura 'ya'ya mata cikin hijabinsu. Ɗalibai kuma su guji satar jarrabawa, domin ha'inci ne.

Allah Ya sa mu dace, amin.