Itacen da Ba Ya da Magaji

Jama'a, yau za mu ɗan yi nisa, mu leƙa hamada, sa'an nan mu komo gona. Can kudu maso gabashin Aljeriya akwai wasu duwatsu da a ke kira Tasili, kusa da Gat, garin da ayarin Katsina da Kano su kan yada zango a zamanin fatauci da raƙuma. A cikin kwazazzaban duwatsun nan akwai wani itace da Buzaye ke kira tarut. Dangin itatuwan nan ne masu tsanwa rani da damina, ba su fure, irinsu kuwa yana cikin wani ɗan kwanso mai tauri. Da katakonsa aka riƙa yin ƙyamaren gidaje a Gat.

Tarut ba ya tsirowa da kansa ko'ina a duniya sai a wurin nan. Ƙidayar da aka fitar a 2002 ta sami guda 233 kaɗai masu rai. Waɗansunsu an ƙiyasta sun haura shekara 2,000. Gwamnatin ƙasar ta mai da wurin gandun daji tun 1972, amma duk da haka itacen yana cikin haɗarin ƙarewa. Me ya sa? Domin kusan duka tsofaffi ne. Ruwan da wurin ke samu a shekara kamar milimita 30 ne, watau ruwan dare ɗaya a nan cikin Agusta. Ɗan abin da ya tsiro kuwa, awaki da raƙuma su kan cinye.

To, abin lura ke nan. Doka tana iya hana gatari, amma ba ta haifar itace. Itacen da ba ya da ƙanana a bayansa ya kama hanyar ƙarewa, ko da ba a sare shi ba.

Mu ma muna da gandayen daji a Jihar Katsina, ga Rugu, ga Kogo wanda Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 ya shiga cikin gandaye na ƙasa. Wannan abin kirki ne. Amma kada manomi ya ce hukuma ta ɗauke masa nauyi. Ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da mu ke ci, galibinsu a gonaki su ke. Kowa ya zaga gonarsa a Dudunni ko Kankiya ko Kusada, ya ƙirga manyan ɗorawa, sa'an nan ya ƙirga waɗanda ba su kai tsawonsa ba. Lissafin zai ba shi tsoro.

Ku dubi maɗobiya. Makiyaya na sassarar ganyenta, 'yan katako kuma suka far mata domin kasuwar ƙasar Sin, har tun 2017 ba a cinikinta tsakanin ƙasashe sai da takardar izini.

Wani zai ce inuwa tana kashe gero, itace kuma yana tara tsuntsu. Akwai gaskiya a ciki, in an bar itace ba gyara. Amma gawo da damina ya ke kaɗe ganyensa, kowa kuwa ya san hatsin gindinsa ya fi kyau.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada wata dabara tun wajen 1983, suna ce mata sassaben zamani. Ba a sayen dashe, ba a ban ruwa. In ka zo sharar gona ka tarar da kututture ya yi toho, kada ka ƙone shi. Zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran, ka kewaye su da ƙaya saboda awaki. Saiwar tsohuwa ce, don haka girman ba ya jinkiri. Da wannan aka farfaɗo da itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar.

Shawarata ita ce kowane mai gona ya bar toho goma a eka guda bana. Masu unguwanni su tsawata wa masu sara da masu gawayi. 'Yan kasuwa masu sayen kalwa da man kaɗe su ma su sa baki, gama jarinsu ne ke tsufa a tsaye. Mutanen Tasili rashin ruwa ya ɗaure musu hannu. Mu kuwa ruwa na sauka mana, ba mu da uzuri.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Malamin Gona, Dudunni