Wa Ya Rubuta Takardar Cikin Kwali?

Mu 'yan Romi mun san yadda aiki ke ƙetare teku. Masaƙar KTL da ke Kakuri, nan kusa da mu, ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, atamfar Sin ta cika kasuwa. Wannan kowa ya koka. Abin da ba a tankawa shi ne rubutun da ke biyo kayan.

Sayi ƙaramin janareto ka buɗe kwalin. Takardar bayanin a can aka rubuta ta, da gurgun Turanci, kuma marubucin bai taɓa kwana a gidan haya ba. Ya gargaɗe ka cewa hayaƙin na kisa, amma da ƙananan haruffa, da harshen da Baba mai shago ba ya ji. Bai san cewa tsoron ɓarayi ke sa mu tayar da injin a baranda, dab da tagar da yara ke barci ba. Da ya sani, da wannan zai fara.

Ba ma musun arha. Ba don ita ba, da yawancinmu ba mu riƙe wayar da muke karanta wannan ba. To amma nawa ne kuɗin shafi ɗaya? Ga masu digiri zaune a Romi, masu Hausa da Gbagyi da Turanci, ba aikin yi. Hukumar SON ta wajabta wa masu shigo da janareto su buga gargaɗin da harsunanmu, a jikin injin, a kuma ba 'ya'yanmu aikin rubuta shi.