Raddi Ga Masu Cewa Tilasta Tsarin Rubutun Manhaja Ɓata Lokaci Ne

Wata da'awa ta yaɗu tsakanin wasu masu rubuta manhaja, wai tilasta wa kowa tsari ɗaya na shimfiɗa rubutu, wato yawan gurbin da ake bari a farkon layi da tsawon layin da wurin ajiye alamomin baka, aikin banza ne, tunda kwamfuta ba ta ganin waɗannan abubuwa. Suna ƙarawa da cewa sake tsara tsohon rubutu yana ɓata tarihin aiki, kuma yana tauye ƙwararre. Hujjojin uku ne, amma nauyinsu duka yana kan ta farko, wadda ita ce mafi rauni.

Gaskiya ne cewa mafassari, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa umarnin da na'ura ke bi, ba ya la'akari da gurbi a harshe irin C. To amma a harshen Python gurbin farkon layi yana cikin nahawun harshen, har yana sauya ma'anar umarni, don haka da'awar ba ta tsaya ba ko a wajen na'urar da suke fakewa da ita. Abin takaicin ya wuce nan, domin masu wannan magana sun san cewa a babban aiki mutane ne ke karanta rubutun kafin a amince da shi, kuma idon mai dubawa yana bin siffar layuka kafin ya bi ma'anarsu. A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa, bayan da aka gano cewa a sashen da ke tantance amincin haɗin intanet mai tsaro an maimaita layin "goto fail" sau biyu a ƙarƙashin sharaɗi ɗaya. Layi na biyu an shigar da shi ciki daidai da na farko, sai ya yi kama da wanda sharaɗin ya ɗaure, alhali mafassari yana zartar da shi a kowane hali, yana tsallake binciken sa hannun da ke tabbatar da cewa ba da ɗan damfara ake magana ba. Manhajar tsara rubutu ba za ta goge kuskuren ba, amma da ta bi ta kansa da ta janyo layin zuwa hagu, inda yake a haƙiƙa, ya fito fili ga duk mai dubawa. Saboda irin wannan ruɗin ne mafassarin GCC, a fitowarsa ta 6 a shekarar 2016, ya fara gargaɗi kan gurbin da ke yaudarar ido. Ta yaya za a kira abin da masu gina mafassari suka keɓe wa gargaɗi na musamman da sunan ado?

Hujja ta biyu tana da ɗan tushe, sai dai zamaninta ya wuce. Umarnin "git blame" na Git, manhajar adana tarihin aiki, yana nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, kuma sake tsara dukkan rubutu yakan ɗora sunan mutum ɗaya a kan dubban layuka. Amma tun fitowar Git 2.23 a 2019 ana iya lissafa irin waɗannan sauye-sauye a fayil guda a ce a tsallake su. Haka aikin Django ya yi a 2022 lokacin da ya bi rubutunsa da Black, manhajar tsara Python wadda ke kwatanta ginin rubutun kafin gyara da bayansa don tabbatar da ma'ana ba ta motsa ba. Wanda har yau yake kawo wannan uzuri bai duba kayan aikin da ke hannunsa ba ne.

Batun tauye ƙwararre kuwa bai cancanci dogon bayani ba. Harshen Go ya zo da manhajar tsara rubutu ta gofmt tun farkonsa, kuma masu aiki da shi ba su rasa ƙwarewa ba. Abin da suka rasa shi ne gardamar gurbi a lokacin duba aikin juna. Ginshiƙin Linux ma yana da rubutacciyar ƙa'idar tsari da manhajar checkpatch mai bincika ta.

Bayan waɗannan uku, saura kukan cewa sake tsara rubutun zai ci karo da ayyukan da ba a kammala haɗewa ba, wanda wahalar lokaci ɗaya ce, kuma ana rage ta da sanar da ranar sauyin tun da wuri.