Kyamara ta fi son baƙo

Duk watan Maris gidajen talabijin na Japan, ciki har da NHK, sukan koma Fukushima da kyamarorinsu. A ranar 11 ga Maris, 2011 ne girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 da igiyar ruwa ta tsunami suka afka wa arewa maso gabashin ƙasar. Mutum wajen 18,000 suka mutu ko suka ɓace, tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi ta lalace, sama da mutum 150,000 suka bar gidajensu.

In kana kallon irin waɗannan shirye-shirye a YouTube, za ka lura da wata fuska da ke yawan dawowa: matashiyar da ta baro birni irin su Tokyo, ta tare a garin da aka kwashe mutanensa, ta buɗe ɗan shagon shayi ko gonar furanni. Ana nuna ta tana fenti, tsofaffi suna yi mata murmushi, kiɗa mai sanyi na tashi. Kana gama kallo sai ka ji kamar garin ya farfaɗo.

Ban ce ƙarya suke yi ba. Matasan nan sun yi ƙoƙari, zama kusa da tashar da har yau ake aikin kwance ta ba wasa ba ne. Amma dubi garin Futaba. Kafin bala'in yana da mutum kusan 7,000, kuma sai a watan Agustan 2022 aka yarda a koma zama a wani sashensa, bayan shekara 11. Waɗanda suka koma 'yan kaɗan ne ƙwarai. Sauran sun yi gida a wasu garuruwa, 'ya'yansu sun girma a can. Mai shirya fim ba ya iya ɗaukar hoton wanda bai dawo ba, shi ya sa baƙuwar da ke gaban kyamara take zama fuskar gari baki ɗaya.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ya kamata mai kallo ya sani: tun 2021 ana ba iyalin da ya ƙaura zuwa garuruwa 12 da ke kewayen tashar tallafin da ya kai yen miliyan 2. Karɓar tallafi ba laifi ba ne, amma labarin jarumta zalla da labarin shirin gwamnati ba ɗaya ba ne.

Ni shirin da nake son gani shi ne wanda zai bi ɗalibin da aka kwashe daga Futaba yana ɗan firamare, yanzu yana jami'a kamar mu, a tambaye shi ina ne garinsu.