Jinjina Ga Injiniyoyin Da Suka Buɗe Akwatin Lantarki

Yabon gwani ya zama dole. A birnin Tulus na kudancin Faransa akwai cibiyar bincike mai suna LAAS, ƙarƙashin hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, wato CNRS. A can ne Malam Luiz Villa da abokan aikinsa suka assasa shirin OwnTech, suka ƙera na'urar koyar da ɗalibai sarrafa ƙarfin lantarki, sannan suka shimfiɗa zanenta a fili domin duk mai so ya ɗauka. Wannan karamci ya cancanci jinjina, kuma muna yi musu ita da zuciya ɗaya.

Fannin da suke yi wa hidima yana cikin kowane gida, ko da ba a san sunansa ba. Cajar waya, inbata, na'urar da ke tsakanin faifan sola da batir, duk aikinsu ɗaya ne: su karɓi wuta a wani yanayi su mayar da ita wani yanayin ba tare da asara mai yawa ba. Sai dai yawancinsu akwatuna ne rufaffu. Ɗalibi kan haddace lissafinsu a aji, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa ganin abin da ke gudana a cikinsu ba.

Na'urar ta Tulus alluna biyu ce da ake haɗawa. Na farko, mai suna SPIN, shi ne ƙwaƙwalwa. Yana ɗauke da ƙaramar kwamfuta ƙirar STM32G474, wadda ta yi fice wajen auna lokaci daidai wa daida. Na biyu, TWIST, shi ne ƙwanji, yana iya ɗaukar wat 300. A kansa akwai ƙafafu biyu, kowace da tiransista guda biyu, na sama da na ƙasa, da naɗin waya da kafasita. Tiransistocin nan makunnai ne da ke buɗewa da rufewa kimanin sau 200,000 a daƙiƙa ɗaya, naɗin waya da kafasita kuwa su ke lallashin wutar da aka daddatse har ta fito sumul.

Hikimar tana cikin yadda allo ɗaya ke rikiɗa. Idan ɗalibi ya ba shi bolt 48, ya umarci makunnin sama ya riƙa zama a kunne rabin lokaci, zai samu kusan bolt 24 a ɗaya ɓangaren. Idan ya juya akalar wutar, 24 ɗin nan ce za ta haura zuwa 48. Idan ya sa ƙafafun biyu suna karɓa-karɓa, ɗaya na tashi ɗaya na sauka, sai rawar wutar ta ragu a gaban idonsa. Idan kuma ya haɗa su ta wata hanyar, ya samu inbata mai mayar da wutar batir zuwa mai kai-da-komo. Bai narka dalma ko sau ɗaya ba. Haɗin wayoyi da umarnin da ya rubuta a kwamfuta kawai ya sauya. Allon yana auna ƙarfin wuta da gudunta a kowace ƙafa da kuma babban ɓangaren, don haka abin da malami ya zana da alli ɗalibi zai gan shi a zahiri. Gani ya kori ji. In aiki ya fi ƙarfin allo ɗaya, sai a jera da yawa a haɗa su da kebul su yi tafiya da taki ɗaya, kamar yadda magini ke ɗora tubali kan tubali.

Ba su ne suka fara wannan tunani ba. Marigayi Farfesa Ned Mohan na Jami'ar Minnesota a Amurka, wanda ya rasu a 2024, ya daɗe yana yaɗa allon koyarwa mai sassan da ake cirewa a sauya, kuma jami'o'i da dama sun amfana. Abin da mutanen Tulus suka ƙara shi ne sakin hannu. Sun zana allunansu da KiCad, manhajar da kowa ke iya samu kyauta, suka ɗora su kan lasisin buɗaɗɗen ƙira na cibiyar CERN da ke kusa da Jeniba. Ma'anar haka, kowa na da izinin ya karanta zanen, ya ƙera, ya gyara, har ya sayar, muddin shi ma zai bayyana gyaran da ya yi. A zamanin da ake ɓoye ilimi domin riba, wannan halin dattako ne.

To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai sauran aiki a gabansu, na farko shi ne zafi da ƙura. Masana sun san cewa kafasita mai ruwan sinadari tana rasa kusan rabin kwananta a duk ƙarin digiri 10 na zafi. Na'urar da ake fatan ta yi aiki a Sakkwato ko Yamai, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka, tana buƙatar a gwada ta a irin wannan yanayi, a wallafa sakamakon. Na biyu, kayan gyara. Ƙarancin ƙananan kwamfutocin da ya addabi duniya daga 2020 zuwa 2022 ya nuna haɗarin dogaro da sashe ɗaya daga kamfani ɗaya. Buɗaɗɗen zane sai ya zo da jerin sassan da za a iya musanyawa, waɗanda mai gyara zai samu a kasuwar kusa da shi. Na uku, matakin gaba. Wutar gida bolt 230 ce, tana kisa. Ɗalibin da ya ƙware a ƙaramar wuta yana buƙatar tsani mai cikakkiyar kariya da zai kai shi can lafiya.

Mu ma akwai namu kason, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kasuwanninmu daga Kano zuwa Maraɗi cike suke da faifan sola da inbata na ƙetare, ga matasa masu basira suna gyara su da lalube. Zanen nan yana nan a buɗe, ba a neman ko sisi kafin a karanta shi. Ya dace sassan koyar da injiniyan lantarki a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su ɗauke shi, su ƙera da hannunsu, asusu irin TETFund ya tallafa, a gayyato masu gyaran kasuwa su zauna benci ɗaya da ɗalibai, a rubuta bayanin gwaje-gwajen da Hausa. Duk gyaran da zafinmu da ƙurarmu suka koya mana, mu bayyana shi a fili, kamar yadda lasisin ya tanada.

Sannunku da aiki, injiniyoyin Tulus. Allah Ya ƙara basira, Ya kuma nuna mana ranar da ɗalibi a Zariya zai kunna allon da ya haɗa da kansa, ya rubuto muku cewa ya gano inda za a inganta shi.