KARKARWAR BAFFA BA SAMMU BA CE

Ranar Asabar na je gida Buji duba Baffana, na dawo Dutse raina a ɓace. Shekara 3 ke nan da likita a asibitin Malam Aminu Kano ya tabbatar yana da cutar Parkinson, wadda muke kira ciwon karkarwa. Da yana shan ƙwayarsa, da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Wannan karon na tarar da shi jiki ya sandare, ko kofin fura ba ya iya kaiwa baki. Ashe wani mai magani da lasifika a kan mota ne ya ce masa jifa aka yi masa, ya ajiye maganin Bature ya sha nasa kwana 40. Akuya biyu aka sayar aka biya shi.

Jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya. Wannan ciwo an san shi tun 1817, lokacin da likita James Parkinson na Ingila ya bayyana shi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa a hankali, shi ya sa hannu ke rawa, tafiya ta yi nauyi, murya ta dushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 sama da mutum miliyan 8.5 ke ɗauke da shi. Muhammad Ali ɗan dambe ya rayu da shi daga 1984 har rasuwarsa a 2016, duk da kuɗinsa da likitocin Amurka. To wanda ya ce zai raba ka da shi a kwana 40, wallahi kuɗinka yake so. Kuma tsayar da ƙwayar lebodofa lokaci guda yana da haɗari sosai, yana iya kwantar da mutum.

Kafin wani ya ce ɗan boko ya zo raina maganin gida, a tsaya. Akwai abubuwan da ke taimakawa ƙwarai idan an HAƊA su da maganin asibiti. Na farko motsa jiki: tattaki kullum, miƙe gaɓoɓi, da atisayen da ma'aikatan gashin ƙashi ke koyarwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna atisayen Tai Chi na 'yan Sin ya rage musu faɗuwa. Idan ƙafa ta maƙale a bakin ƙofa, ƙirga ɗaya-biyu da ƙarfi na taimakawa ta saki. Yawan ruwa, zogale da miyar kuka na sauƙaƙa taurin bayan gida da ke damunsu. Ƙwayar kuma ta fi aiki idan an sha ta kamar rabin awa kafin abinci, don nama, wake da nono na rage mata ƙarfi. Addu'a da karatu a bayyane ma alheri ne, suna kwantar da zuciya, suna motsa murya.

Ko ƙarara, wannan mai ƙaiƙayin, 'ya'yanta na ɗauke da lebodofa na asali, kuma masana sun gwada su. Amma da awo suka gwada. Garin da aka ƙulle a leda wa ya san nawa ne a ciki? Kada kowa ya sha sai da sanin likitansa.

Laifin ba na Baffa ba ne. Mu 'ya'yansa ne muka bari ƙwayar ta ƙare saboda tsada da nisan Kano, macuci ya samu ƙofa. Kirana ga gwamnatin Jigawa: a saka lebodofa cikin magungunan da ake samu a asibitocinmu na ƙananan hukumomi, a horar da ma'aikatan lafiya su gane ciwon da wuri, a kuma taka wa masu tallan ƙarya a kasuwanni birki.

Jibi zan mayar da Baffa wurin likita. Wanda yake da tsoho mai karkarwa a gida, don Allah ya duba ko ƙwayarsa na nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.