Malami, Fitar da Yaranka Waje

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata magana da na daɗe ina so in yi muku tun ran da muka komo daga gwajin koyarwa. A wata makarantar firamare da aka tura ni na tambayi yara 'yan aji huɗu, mene ne kuza? Suka amsa gaba ɗaya da ƙarfi kamar yadda aka rubuta musu a allo. Da na ɗebo kuzar a tafin hannu na nuna musu, yaro ɗaya kaɗai ya gane ta, shi ma don ubansa yana aikin haƙa ne. Alhali kuwa saboda kuza garin Jos ya bunƙasa, saboda ita aka kawo hanyar jirgi daga Zariya cikin 1914.

To, ni a ganina laifinmu ne, mu malamai. Kullum kukanmu ba littattafai, ba kayan aiki, mun manta da abin da Allah ya zuba mana a ƙofar aji.

Ɗauki lissafi tukuna. Ka sa yara su tara murafun kwalba da 'yan duwatsu, ka buɗe musu kanti a kusurwar ɗaki, wani ya sayar, wani ya saya, wani ya ba da canji. Yaron da uwarsa take aikensa kasuwar Farin Gada sayen dankali ya riga ya san tarawa da ɗebewa, sai dai bai san sunansu ba. Aro mudu da kwano, su auna acca ko yashi, su ga rabi da kwata da idonsu.

Labarin ƙasa kuma, fita da su fili. Su zana taswirar unguwarsu a ƙasa da tsinke, su sa dutse wajen Duwatsun Shere, igiya ta zama hanyar Bukuru. Ka kafa kwalba a sarari daga Afrilu zuwa Oktoba, kowace safiya yaro ɗaya ya auna ruwan da ya sauka ya rubuta. Sa'an nan ka zuba yashi da tsakuwa cikin ƙwarya, ka yi ta juyawa da ruwa har mai nauyi ya kwanta, watau yadda masu wankin kuza suke yi ke nan. Nan ne kuma za ka ja musu kunne game da kududdufan da haƙa ta bari, gama suna da zurfi ƙwarai, sun ci rayukan yara.

Tarihi fa? Ga gidan kayan tarihi na Jos wanda Bernard Fagg ya kafa cikin 1952. A ciki akwai kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa wajen haƙar kuza cikin 1928, shekarunsu sun wuce 2,000. In ka sami izini ka kai su. Da kun dawo ka ba su yumɓu kowa ya gina nasa, ya faɗi labarinsa.

Na san wani zai ce yara sun yi yawa, ga jarrabawa tafe, lokaci ba ya isa. Gaskiya ne aji mai yawa da wuyar riƙo yake. Amma raba su ƙungiya-ƙungiya, ka naɗa wa kowace shugaba, ka shirya kayanka tun jiya. Rabin sa'a sau biyu a mako ya isa farawa. Batun jarrabawa kuwa, abin da yaro ya taɓa da hannunsa ya fi zama cikin kansa bisa abin da ya haddace, gani ya kori ji.

Saboda haka ina roƙon kowanenmu, kafin gwajin koyarwa mai zuwa ya shirya darasi ɗaya wanda za a yi a waje, ya dawo ya gaya mana yadda ya ƙare cikin wannan mujalla. Allah ya sa mu dace, amin.